Shekara tara ana ce wa Yaya juya

Shekara tara yayata tana gidan miji a Kubwa babu haihuwa, wallahi ta sha magana, dangin miji har juya suke ce mata a bayan ido, rubutu da sassaƙe babu wanda ba ta sha ba. Sai bara da ƙyar mijin ya yarda aka gwada maniyyinsa a wani asibiti nan Abuja, ashe ƙwayoyin nasa ne kaɗan kuma ba sa motsi sosai.

Ni na raka ta ranar da likita ya ce ICSI za a yi. Wato a IVF da aka saba, inda ake ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyi a wajen jiki, ana zuba maniyyin kusa da ƙwan a bar shi ya shiga da kansa, amma a wannan ƙwaya ɗaya tak ake zaɓa a ƙarƙashin madubin likita, a ɗauke ta da siririyar allurar gilashi a soka cikin ƙwan kai tsaye, bayan kwana 3 ko 5 a mayar da ɗan tayin mahaifa. A Beljiyam aka fara haihuwa ta wannan hanyar a 1992.

Abin da ya tsaya min a rai, matsalar ta miji ce amma Yaya ce ta sha allura kullum kusan kwana goma, cikinta har ya kumbura. Karon farko bai kama ba, ta yi kuka sosai. Yanzu suna tara kuɗin na biyu, don Allah ku sa ta a addu'a.