Tsohon gidan da ya koma shaguna

Jiya da la'asar na je karɓar ɗinki a wani tsohon gida kusa da titin Ahmadu Bello, irin waɗanda aka gina bayan Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. An yanka shi shaguna huɗu, amma kaurin bangonsa da doguwar barandarsa suna nan, shi ya sa ciki ke da sanyi ko babu wuta. Telan ya nuna mini tagar katakon da aka hana shi cirewa, ya ce, "Alhaji, ba ta taɓa cijewa ba." Abin da ya sosa mini rai shi ne ƙofar ƙarfen maƙwabcinsa, wadda ta rufe rabin bakan ƙofar asali.