Murmushin Aboki Ba Izini Ba Ne

Shekara huɗu na yi ina kiran wani abokina na makaranta “Inyamuri”. Duk lokacin da na faɗa sai ya yi murmushi ya amsa, ni kuma na ɗauki murmushin nan a matsayin shaidar cewa abin bai dame shi ba. Ƙannena, a nan na yi kuskure, kuma ina ganin da yawa daga cikinku kuna kan yin irinsa.

Wata rana ƙanensa ya kawo masa ziyara, muna zaune mu shida, sai wani ɗan ajinmu da ba su saba ba ya kira abokina da sunan nan cikin gatse, domin a bakina ya ji shi. Na ga ƙanen nasa ya sunkuyar da kai, abokina kuwa ya daina magana har muka tashi. Da dare ya gaya mini cewa iyayensa sun ji ana ɗaga murya da wannan kalma a tarzomar 1966, kafin yaƙin basasar da aka yi daga 1967 zuwa 1970, kuma bai taɓa son ta ba. Ya yi shiru ne kawai don shi kaɗai ne ɗan ƙabilarsu a cikinmu, yana tsoron a ce ba ya ɗaukar wasa.

Ban musa cewa akwai laƙabin da ke ƙara danƙon zumunci ba. Amma wanda ake kira shi ne ke da ikon cewa wasa ne ko cin fuska ne, mai kira ba shi da wannan iko, komai kyawun niyyarsa. Ku dubi kalmar “aboki”, wadda babu mai daɗinta a harshenmu, yadda take komawa raini idan aka jefi Bahaushe da ita a kudu ana nufin jahili. Wanda ya taɓa jin zafin wannan ya san cewa ma'anar kalma tana canzawa da bakin da ta fito da kuma taron da aka faɗe ta.

Saboda haka ku tambayi abokinku ku biyu kaɗai, ba a gaban jama'a ba, inda kunya za ta sa ya ce babu komai. Idan ya yi jim kafin ya amsa, to ya riga ya ba ku amsa. Ni dai na nemi gafararsa a daren nan, na koma kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ko da yake sai da na yi watanni kafin bakina ya saba.