Idan tayar tubles ta ƙi shiga rim, duba kwarmin tsakiya

Duk wanda ya taɓa sa wa keken hawa dutse tayar tubles, wato taya marar tiyub, ya san wurin da aikin ke cijewa. Taya ta shiga ko'ina, saura kamar taƙi ɗaya, leɓenta, wato bakinta mai tauri da ke kama rim, ya miƙe tsaf a kan bakin rim kamar tsirkiyar baka. Ka danna da manyan yatsu har su yi ja, ka cusa liba, wato abin ɗaga bakin taya, ta karye, in ka tura ta nan ta zame ta can. A nan mutane ke cewa kamfani ya yi kuskuren awo. Wani lokaci haka ne, amma mafi yawanci tayar lafiyarta ƙalau, leɓenta ne bai zauna inda ya kamata ba.

Da gangan aka matse ta. Tun da Mavic da Michelin da Hutchinson suka fito da tsarin tubles mai suna UST a 1999, abin da ke riƙe iska a taya marar tiyub shi ne yadda leɓe ke manne wa rim. Ana saƙa leɓen da zaren aramid, wanda ba ya miƙewa kamar roba, don kada taya ta fice idan an rage iska ana kwana a kan duwatsu. Wanda ke jan leɓen da ƙarfi don ya ƙara tsawo yana wahalar da kansa ne kawai.

Ɗauki rim ɗin da ba taya ka shafa cikinsa da yatsa. Za ka ji bango a kowane gefe, ƙarƙashin kowane bango akwai ɗan dakali inda leɓe ke zama idan an hura iska, sannan a tsakiya akwai kwarmi da ya zagaye rim ɗin gaba ɗaya. Faɗin da'irar dakalin nan a rim mai inci 29 milimita 622 ne, wato kewayensa kusan milimita 1,954, kuma tsawon leɓen taya bai wuce haka ba. Bangon kuwa ya fi dakalin tudu, saboda haka leɓe ba zai taɓa tsallake shi ba muddin sauran sassansa na kan dakali. A ce zurfin kwarmin milimita 3 ne. Idan leɓe ya faɗa cikinsa, kewayen da yake zagaya ya ragu da kusan milimita 19, kuma wannan ragowar ce kaɗai za ka tattara wuri ɗaya ka tsallaka bango da ita. Duk sauran dabarun da za a faɗa maka hanyoyi ne na kare wannan 'yar ragowa.

Kafin ka fara, karanta lambar da ke jikin tayar, musamman idan daga kayan gwanjo ka samo ta. Za ka ga abu kamar 60-622 ko 57-584. Ta biyun ita ce awon rim: 622 na inci 29, 584 na 27.5, 559 na 26. Kada ka dogara da inci kawai, domin akwai tsofaffin tayoyi da aka rubuta wa 26 x 1 3/8 waɗanda awonsu 590 ne, ba su da alaƙa da keken dutse. Ka kuma tabbatar akwai alamar TR ko TLR ko TLE, wadda ke nuna an yi tayar don tubles.

Daga nan sai tef ɗin da ke rufe hujin wayoyi a cikin rim, wanda shi ke haddasa rabin wahalar. Kowane rabin milimita na kauri da ka ɗora yana ƙara wa kewayen rim sama da milimita 3, ya kuma cike kwarmin da kake buƙata. Shi ya sa ba na goyon bayan naɗa tef mai kauri irin na ɗaure kwali, ko zagayawa sau uku wai don kada iska ta fita. A rim mai matsi zagaye ɗaya na siririn tef ɗin tubles ya isa, ƙarshensa ya hau kan farkonsa da santimita 10 zuwa 15. Faɗinsa ya ɗara cikin rim da milimita 2 zuwa 5, wato rim mai milimita 30 yana son tef mai 32 zuwa 35, don idan ya bi kwarmi ya sauka har yanzu ya kai bango da bango. Cire tsohon tef duka, goge ragowar gam da sifirit ɗin da ake samu a kemis, bar shi ya bushe. Yayin naɗawa ka ja shi da ƙarfi, kana bin sa da tsumma kana danna shi har ƙasan kwarmin. Idan ka bar shi ya yi gada a saman kwarmi, da iska a ƙarƙashinsa, ka kashe kwarmin ke nan ko da tef ɗin siriri ne. Hujin bawul kuma a huda shi da tsinken ƙarfe mai zafi ko abu mai tsini, kada a tsaga da reza, domin tsaga na ƙaruwa.

Sabuwar taya tana zuwa a naɗe, leɓenta duk lanƙwasa. Warware ta ka shanya a rana na minti 20 zuwa 30. Zaren ba zai miƙe ba, amma robar da ke kewaye da shi za ta yi laushi ta riƙa bin hannu, kuma bambancin a bayyane yake, balle da sanyin safiyar hunturu. Duba kibiyar da ke nuna inda tayar ke juyawa tun yanzu, don babu baƙin ciki kamar ka gama fama sannan ka ga ka sa ta a juye.

Leɓen farko ba ya cika ba da wahala. Sa shi, ka tura shi cikin kwarmi, ka ɗaura bawul da hannu kawai. Leɓe na biyu shi ne aikin, kuma a nan akasarin mutane ke kuskure saboda sabo da tiyub: suna farawa daga bawul. A tubles akasin haka ake yi. Gindin bawul ɗin roba ne mai kauri da ke zaune daram a tsakiyar kwarmi, leɓe ba zai iya sauka a wurin ba. Fara daga gefen da ke fuskantar bawul, ka ƙare a bawul. Tsayar da ƙafar keken a ƙasa ko a kan takalminka, bawul yana ƙasa, ka fara daga sama da hannu biyu, ɗaya na bin dama ɗaya hagu, kana matse tayar zuwa tsakiya kana tura ta ƙasa kamar mai tatsa. Leɓen farko ma yana cikin kwarmin nan, kuma a rim mai ƙunci sai ya tare wa na biyu wuri, don haka ɗan tura shi gefe kaɗan. Idan rim ɗinka irin wanda kwarminsa ya karkata gefe guda ne, shigar da tayar ta gefen da ya fi kusa da kwarmin.

Idan ka iso inda ta cije, dakata da dannawa. Koma sama ka sake zagayowa, domin tabbas wani sashe ya hau dakali ba ka sani ba. Sau biyu, sau uku, kowane zagaye za ka ga taƙin nan na raguwa. Don kada abin da ka samu ya zame, ɗaure tayar da rim a gefe ɗaya na wurin da ya rage. Robar tsohon tiyub da ake ɗaure kaya da ita ta wadatar. Yanzu sai ka juya ƙafar keken yadda wurin zai yi nesa da cikinka, ka kama tayar da tafin hannu biyu ka murɗo ta baya, ƙarfin tafi da wuyan hannu ya ninka na yatsu. Fara daga gefen da leɓe ke tsallaka bango, santimita biyu-biyu, kada ka nufi tsakiyar wurin.

Ruwan sabulun wanke kwano, ɗan kaɗan a kofin ruwa, a shafa a leɓe da bakin rim da soso, yana rage rabin gardamar. Kada a kusanto da man inji ko giris ko kananzir. Suna lalata roba, suna ɓata gam ɗin tef, kuma ba sa saurin bushewa, sai taya ta riƙa zamewa a kan rim idan an taka burki.

Liba ba haramun ba ce. Tayoyi masu kaurin jiki irin Maxxis DoubleDown ko Schwalbe Super Gravity da wuya su shiga da hannu zalla, haka ma idan an sa soson kariya irin CushCore a ciki, wanda sai ka bi leɓe kana cusa shi ƙarƙashin soson. Amma liba ta roba mai faɗi, kuma kowane ɗagawa ɗan kaɗan. Cusa ta iya bakin bango kawai, in ta zurfafa za ta kwarzane tef, gobe iska ta riƙa fita ta hujin wayoyi kana zargin bawul. Sukundireba da libar ƙarfe ta babur suna lotsa rim ɗin alminiyam, suna fasa na kabon, suna kuma iya tsinka zaren leɓe, wanda ba shi da gyara.

Abin daɗin taya mai matsi shi ne tana saurin kama iska, sau da yawa da famfon ƙafa kawai. Kwance zuciyar bawul, wato ɗan ƙarfen da ke cikinsa, don iska ta shiga da yawa lokaci guda, ka hura da sauri har ka ji ƙara fas, fas, alamar leɓe ya hau dakali. Kada ka wuce 40 psi a ma'aunin iska na famfo, kuma idan abin da aka rubuta a rim ko taya bai kai haka ba, bi mafi ƙanƙanta. Wanda zai je wajen mai faci ya tafi da 'yar mahaɗar da ke juya siririn bawul na Presta zuwa irin na mota, ya kuma tsaya a kan aikin, domin injin da ke hura tayar tirela zai iya fasa ta keke cikin daƙiƙu. A riƙa ba ta iska guntu-guntu, yatsu nesa da leɓe. Bayan haka bi siririn layin da ke jikin tayar kusa da bakin rim, ya zama tazararsa ɗaya ce a ko'ina, gefe biyu. Inda ya nutse, leɓe bai hau ba: saki iska, shafa ruwan sabulu a wurin, sake hurawa. Ƙara iska fiye da ƙa'ida ba magani ba ne. Idan ta ƙi ƙememe, sa tiyub ka hura, ka bar ta ta kwana. Da safe ɓalle gefe ɗaya kawai ka zare tiyub ɗin, za ka tarar tef ya kwanta luf kuma leɓe ya saitu.

Ruwan toshe huji ya zo a ƙarshe, ta cikin bawul da sirinji, bayan leɓe ya zauna. Zuba shi tun farko a taya mai gardama yana nufin rabinsa zai ƙare a ƙasa da jikin riga. Tayar inci 29 mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.5 tana son mililita 100 zuwa 120. Girgiza kwalbar sosai kafin zubawa, mayar da zuciyar bawul, hura, sannan ka jujjuya ƙafar keken ka kwantar da ita gefe da gefe don ruwan ya bi ko'ina. A inda tsidau da ƙayar aduwa suka cika hanya, wannan ruwan shi ne dalilin shan duk wahalar, sai dai zafi da bushewar iska na saurin ƙafar da shi. Duba shi duk wata biyu, in ka girgiza taya ba ka ji motsinsa ba, ƙara.

Cirewa ma hanyar ɗaya ce, kuma gara ka gwada ta a gida kafin ranar da dutse zai yanka tayar a daji. Saki iska duka, kwantar da ƙafar keken, danna gefen tayar da tafin hannu ko diddige har leɓe ya ɓalle daga dakali, ka bi shi ka tura cikin kwarmi zagaye ɗaya cif. Sai a lokacin za ka sa liba, kusa da bawul.