Laraba, ranar kasafi

Yau tun bayan zagayen marasa lafiya muke ɗakin taro, ba mu tashi ba sai da aka kira La'asar. Takardar neman tallafin bincikenmu kan yaran sikila ta kusa kammala, saura kasafi, kuma a kan kasafi ne ake gane waye ɗan tawaga da gaske, waye kuma aka sa sunansa don cika sharaɗi.

Abin da muke son bincika ba sabo ba ne ga duk mai duba yaran sikila. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a Najeriya. Wasunsu ɓarin jiki yakan shanye musu tun ba su shiga firamare ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari. A Amurka, tun 1998 aka tabbatar ƙarin jini wata-wata yana kare irin waɗannan yara. Mu kuwa ina muka ga jinin? Shi ya sa aikin da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, da kuɗin NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ya zama abin alfahari. An gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 a Kano da Kaduna, sakamakon ya fito a 2022, ya nuna ƙaramin awo ma yana aiki kamar matsakaici wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki. To magani ya samu. Tambayarmu ita ce: me ya sa wasu yaran suke daina sha, iyayen su daina kawo su?

Masu ba da tallafin sun ce dole tawaga ta haɗa fannoni daban-daban. Mun haɗa. Akwai Farfesa, likitan jini, shi ne jagora, ni a ɓangaren yara, mai harhaɗa magunguna, malamin ƙididdiga, mai kula da ɗakin gwaji, sai wata malama daga sashen nazarin zamantakewa wadda za ta shiga gidaje ta zauna da iyaye mata.

Da malamin ƙididdiga ya haɗa jimilla, sai ga shi mun haura iyakar da aka ba mu. Ba mamaki. Sinadaran gwaji da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk wani tsohon lissafi ya tashi aiki. Ga firizar ajiye jini mai sanyin ƙasa da sifiri da digiri 80, wadda ba ta jure ɗaukewar wuta, sai an tanadar mata sola da batura.

Farfesa ya duba takardar ya ce, “A rage na hirarrakin nan. Ma'aikatan jinya za su iya cike fom a asibiti.”

Malamar ta ajiye bironta. “Ranka ya daɗe, wadda ta zo asibiti ai ba ita muke nema ba. Wadda ta daina zuwa muke nema. Fom ɗinka ba zai same ta ba.”

Ɗakin ya yi tsit. Ni dai a raina na san gaskiya ta faɗa. Uwar da take biyan kuɗin mota daga ƙauye, ta bar sauran yara da surukarta, ta wuni a layi, ba za ta dubi idon likita ta ce mijinta ya hana ba, ko ta ce an gaya mata maganin na masu ciwon daji ne. Za ta ce “to, likita,” ta tafi. A tsakar gida, ana tankaɗe ana hira, nan ake jin waɗannan. Mu likitoci muna da wata ɗabi'a: idan an ce haɗin gwiwa, mukan fahimci cewa mu ne masu aikin, sauran 'yan rakiya. Da zarar kuɗi ya gaza, layinsu ake fara yankewa. Kuma masu tantance takardun nan ba yara ba ne, suna buɗe kasafi su ga an ba wani fanni shafi guda na alkawari da kuɗin da bai kai na shayin taro ba.

Mai kula da ɗakin gwaji ne ya warware, mutumin da bai cika magana a taro ba. Ya ce akwai firiza a wani sashe, ragowar wani tsohon aiki, rabinta babu komai. Idan aka rubuta yarjejeniya muka ɗauki nauyin batura, ba sai mun sayi sabuwa ba. Farfesa ya ɗan yi jim, ya ce a rubuta wa shugaban sashen. Kuɗin hirarraki ya tsira, an dai rage tafiyar taron ƙasar waje daga mutum uku zuwa ɗaya, abin da bai yi wa kowa daɗi ba har da ni.

A hanyar masallaci muka taɓo zancen da ke damun kowa. Shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyi ya haɗa masu binciken ƙwayoyin gado a faɗin Afirka, ya ƙare a 2022. A watan Mayun 2025 kuma NIH ta dakatar da tsarin da jami'ar Amurka ke karɓar tallafi ta yanko wa abokiyar aikinta ta waje, irin hanyar da ayyuka da yawa suka bi suka iso nan. Shi ya sa kowa ya karkata ga asusun bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta Najeriya, layi ya yi tsawo.

Da dare malamar ta turo mini gyararren sashenta ta WhatsApp, ta ƙara mata biyu masu jin Fulatanci cikin masu hira. Gobe sai na roƙi malamin ƙididdiga ya sake lissafi, sannan in bi sawun takardar kwamitin ɗa'ar bincike, don ba za a karɓi komai ba sai da ita.