Ranar Yin Tiyata ga Idon da Jini Ya Taru a Cikinsa

Babban abin da aiki a sashen ido ya koya mini game da raunin da ke tara jini a gaban ido shi ne, tiyatar kanta ba ta kai zaɓen ranar yin ta wuya ba. Idan dutse ko ƙwallo ko naushi ya sami ido, ƙananan jijiyoyin jini sukan fashe, jinin ya kwanta a ɗan sararin da ke bayan koniya, wato fatar nan garai-garai ta gaban ido. Galibi yakan janye da kansa idan majinyaci ya huta, aka ɗaga masa kai, aka rufe idon da makari, aka ba shi maganin ɗigawa, aka kuma hana shi asfirin, domin jinin yakan sake ɓallewa tsakanin kwana na 2 da na 5.

Haɗarin yana tasowa ne idan ƙwayoyin jini suka toshe magudanar ruwan ido, matsin cikin idon ya hau. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin mmHg, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana koyarwa ita ce a wanke idon idan matsin ya haura 50 har kwana 5, ko 35 har kwana 7, duk da magani, don kada jijiyar gani ta lalace. Idan kuwa jinin ya cika sararin fal, matsin da bai kai haka ba ma yana iya tura launinsa cikin koniya ya rine ta, rinin da kan ɗauki watanni bai washe ba, wanda a ƙaramin yaro ya isa ya raunana ganinsa har ya girma.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne wajen mai sikila, har da mai AS wanda bai taɓa ciwo ba. A cikin ruwan ido ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su ƙage, su kasa wucewa ta magudana, sai ɗan jini kaɗan ya ta da matsi sosai, alhali jijiyar ganinsa ba ta jure abin da ta wani ke jurewa. A nan, matsin da ya wuce 24 har awa 24 ya isa a fara shirin tiyata, sannan ana guje wa asetazolamayid, wani maganin rage matsin ido, saboda yana ƙara lanƙwasa ƙwayoyin. A ganina, gwajin sikila tun ranar farko ya kamata a yi shi, kada a jira sai matsi ya ƙi sauka.

A ɗakin tiyata kuma, ƙaramar kafa ake yi a gefen koniya a wanke jinin da ruwan gishiri a hankali. Gudan da ya manne wa naman ido gara a bar shi, domin fizgo shi yakan tayar da sabon zubar jini. Bayan an sallami majinyaci a ci gaba da auna masa matsi, tunda idan bugun ya yaga magudanar ruwan idon, tana iya kawo glakoma, wato cutar hawan matsin ido, bayan shekaru.