Daga kudancin Katsina zuwa Namugongo

Gwaggona ce ta daɗe tana tara kuɗin zuwa Uganda, da adashin da suke zubawa a Zumuntar Matan Katolika. Da lokaci ya yi sai ciwon gwiwa ya matsa mata, 'ya'yanta suka ce ba za ta tafi ita kaɗai ba. Ni ne ba ni da iyali, ni ne kuma mai jin Turanci, sai dangi suka haɗa mini kuɗin jirgi don in riƙe mata jaka. Na nemi izini a makarantar firamaren da nake koyarwa, na shiga ayarin masu ziyarar ibada zuwa Namugongo, inda ake taruwa kowace ranar 3 ga Yuni don tunawa da Shahidan Uganda.

Mota muka bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna har Abuja. Jirgi ya yada zango da mu a Addis Ababa, daga nan sai Entebbe, a bakin tafkin Victoria. Katin rigakafin shawara aka fara tambayarmu kafin komai. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, motoci kuma hannun hagu suke bi, abin da ya sa Gwaggo ta yi ta kiran sunan Yesu duk lokacin da wata mota ta tunkaro mu. Ƙasar kore ce shar, ƙasa ja, ayaba a bayan kowane gida. Ita ce ma abincinsu: a turara ɗanyarta cikin ganye, a dame ta kamar sakwara mai laushi, a zuba miyar gyaɗa. Matoke suke ce mata. Gwaggo ta ci, ta ce ba laifi, amma ta ciro yajinta daga jaka.

Munyonyo aka fara kai mu, kudu da Kampala, nan ma a bakin tafkin. A nan Sarkin Buganda, Kabaka Mwanga na Biyu, yake da masauki a watan Mayun 1886. Tun ina yaro na san sunayen Charles Lwanga da Kizito, biyu daga cikin shahidan, don akwai masu waɗannan sunayen a ajinmu na baftisma. Na san an ƙone shahidan nan biyu. Abin da ban taɓa tsayawa na auna ba shi ne yadda suka san addinin tun farko.

Mai yi mana bayani ya jero mana tarihin. Fada Simeon Lourdel, wanda mutanen ƙasar ke kira Mapeera, ya sauka kusa da Entebbe tare da Brother Amans ranar 17 ga Fabrairun 1879. A 1882 'yan mishan ɗin suka bar Buganda saboda zaman ya yi tsami, ba su dawo ba sai 1885. Kusan shekara uku ke nan babu Fada, babu Misa, babu mai jin furcin zunubi. Da suka dawo sai suka tarar masu bi sun ƙaru. Samarin fadar sarki ne, masu yi masa hidima, suke koya wa junansu addu'o'i da katikisma, wanda ya haddace ya biya wa wanda bai haddace ba. Jagoransu Joseph Mukasa Balikuddembe, babban hadimin sarki, shi ne ya fuskanci Mwanga kan kisan Bishop James Hannington na cocin Anglika, ya kuma riƙa kare yaran daga alfashar da sarkin ke nema da su. Aka fille wa Mukasa kai ranar 15 ga Nuwamban 1885. Lwanga ya karɓi riƙon yaran. Shi Denis Ssebuggwawo, matashin da aka kashe a nan Munyonyo, laifinsa a wurin sarki shi ne an same shi yana koya wa wani yaron fada katikisma.

Na daɗe a tsaye a wurin. A ƙauyenmu Fada ba ya zuwa kowace Lahadi, domin ƙauyukan da ke wuyansa suna da yawa, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba saboda 'yan bindiga. Tsohon katikist ɗinmu ne ke jan sujada, idonsa ya fara rauni, ni nake karanta masa karatun ranar. Ran Asabar da yamma kuma nakan tara yara a ƙarƙashin darbejiyar coci mu biya Ubanmu da A Gaishe Ki Maryamu da Dokoki Goma. Na ɗauki wannan aikin a matsayin riƙon ƙwarya, abin da mutum ke yi kafin masu ilimi su iso. A Munyonyo na ga cewa irin wannan karatun ne ya riƙe Ikilisiyar Buganda, kuma a kansa aka zubar da jini. A daren da suka ga alamar abin da ke tafe, Lwanga da kansa ya yi wa wasu daga cikin masu koyo baftisma, har da Kizito, ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka. Shi kansa Lwanga wajen wata shida ke nan kacal da nasa baftismar.

Daga Munyonyo aka kora Lwanga da sauran samarin a ɗaure zuwa Namugongo, arewa maso gabas da Kampala. An kashe wasu a hanya. Sauran aka tsare su kusan mako ana tara itace, sannan aka ƙone su ranar 3 ga Yunin 1886, wadda ta dace da Alhamis ta Hawan Yesu Sama. Cikinsu akwai Mbaga Tuzinde, wanda shugaban masu kisan, Mukajanga, uba ne a gare shi. An roƙe shi ya janye ya ƙi. Tsakanin 1885 da 1887 an kashe 'yan Katolika 22 da 'yan Anglika 23 da aka san sunayensu. Paparoma Paul na Shida ya sa 'yan Katolikan cikin jerin tsarkaka ranar 18 ga Oktoban 1964, ya kuma ambaci 'yan Anglikan da girmamawa.

Mu a mota muka yi tafiyar, amma gefen titi cike yake da masu tafiya a ƙasa. Wasu sun yi makonni a hanya, daga arewacin Uganda, daga Kenya, Tanzaniya da Kwango, da tutar cocinsu da gicciyen katako a gaba, ƙafafu a kumbure, suna jan rosari da ƙarfi. Gwaggo ta leƙa ta taga ta ce, "Ɗana, mu da muka zo a jirgi, anya ladanmu zai kai nasu?" Na ce, "Gwaggo, shekarun da kika yi kina zubin adashi ai su ma tafiya ce." Ta yi shiru, sannan ta ce wa direba ya tsaya, ta miƙa wa wata tsohuwa ruwanta da ƙuli-ƙulin da ta taho da shi.

Babbar majami'ar Namugongo an gina ta da siffar bukka, kan ginshiƙai 22, ɗaya don kowane shahidi, bagadenta kuma yana daidai inda aka ƙone Lwanga shi kaɗai. Sauran an ƙone su gaba kaɗan, inda 'yan Anglika suke da nasu wurin ibada, 'yan Katolika da 'yan Anglika a wuta guda. Akwai kuma abin da na ƙudura sai na gaya wa kawuna, wanda Musulmi ne: a wannan yankin akwai masallacin tunawa da samarin Musulmi da Kabaka Mutesa na Ɗaya, mahaifin Mwanga, ya sa aka kashe a shekarun 1870 saboda sun tsaya kan addininsu. Mu da muke cin tuwon Sallah da na Kirsimeti a tsakar gida ɗaya, ya kamata mu san wannan.

Daren jajibiri a fili muka kwana kan tabarma, cikin sanyi da waƙoƙi da harsunan da ban iya rarrabewa ba. Layin furta zunubi bai yanke ba har asuba. Na shiga, na furta da Turanci a gaban wani Fada da ban san ƙasarsa ba. Misar safiya a kan bagaden da ke tsakiyar ƙaramin tafki ake yinta, jama'a sun kewaye shi ta ko'ina. 'Yan Najeriya muna da yawa, ana gane mu da atamfa iri ɗaya. Ban ji rabin wa'azin ba saboda cunkoso da riƙon Gwaggo, amma na karɓi Jibi. Ita kuwa ba ta yarda mun tafi ba sai da ta cika gorarta da ruwan tafkin don matan Zumunta.

A wurin ne wani dattijo ɗan ƙasar, katikist ne shi ma, ya tambaye ni aikina. Da na gaya masa, sai ya tambaye ni me nake karantawa ni kaina. Na ce Linjila, in na samu sarari. Ya ce mai shayar da mutane dole ya san inda rijiya take, ya kuma nuna mini hoton Andrew Kaggwa, shugaban makaɗan sarki, wanda aka kashe a Munyonyo, shi ne majiɓincin katikist da malamai. Ya shawarce ni in bi Katikisman Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, bi da bi yadda aka tsara shi: bangaskiya, sakramentai, dokoki, sannan addu'a. Na sayi kwafi ɗaya a shagon littattafan wurin da kuɗin da na ware don tsaraba.

Tun da muka dawo nake karanta shafi biyu bayan addu'ar safe, kafin in tafi makaranta, ina rubuta abin da na gane da Hausa a littafin rubutu, don yarana ba Turanci suke ji ba. Ajin Asabar ma na sauya masa tsari: manyan yara kowa na da ƙanana biyu da yake biya wa, ni kuma ina zagayawa ina gyara. Da Fada ya zo a ƙarshen wata, na same shi bayan Misa na ce ina so in shiga makarantar horar da katikist da ke Malumfashi. Ya ce in fara magana da mahaifina da majalisar coci, in sun amince zai rubuta mini takarda. Baba ya amince. Majalisa za ta zauna bayan an gama girbi.