Ruwan kabon ya cinye min Riccardia

Masu sayarwa na kiranta gansakukar murjani, amma Riccardia chamedryfolia, tsiron da ake rainonsa a tankin kifi na ado, ba gansakuka ba ce, kuma wannan sunan ne ya ja min asara. Cikin tsirran da ake kira liverwort take: ba saiwa, ba ganye na gaske, sai siraran rassa kore shar a cunkushe. Manna ta a dutse bai ba ni wahala ba, ɗigon sufa gulu mai kauri ne kawai, a dafa da hantsaki. Jiran ne aiki. Sai ka yi wata kana leƙe kafin ka ga ta ƙara faɗin farce.

Da ƙyar ta lulluɓe dutsen, sai ga gansakuka mai zare-zare (algae, mai shaƙe tsiro) ta kutsa tsakanin rassan. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya: kashe matatar ruwa, zuƙo ruwan kabon (ruwan kwalba da ake sayarwa don ciyar da tsirran tanki) a sirinji, feshe wurin. Wai ai haka suke yi wa gansakukar Java. To, ita wannan ta jure, tawa ba ta jure ba. Sinadarin glutaraldehyde ne a cikin ruwan, kuma jikin Riccardia ba shi da kaurin da zai tare shi. Bakin rassan ya fara kodewa, ya koma garai-garai har ana hango dutse ta ciki, daga nan ya yi ruwan ƙasa. Na taɓa da yatsa, ta narke kamar dafaffen alayyafo. Abin haushi, zaren da aka yi domin sa bai gama mutuwa ba.

Guntun da feshin bai kai gare shi ba da shi na sake farawa. Yanzu fitila awa 6 kawai take ci, iskar CO2 tana tafiya daidai kullum, zafin ruwa ba na barin ya haura digiri 25 na Celsius. Idan zare ya ɓullo, tsohon buroshin haƙori nake sawa in nannaɗe shi a hankali, sauran kuma jatan landen Amano su tsince. Ina yi mata aski da almakashi kafin ta yi tudu, don idan haske bai kai ƙasa ba gindin yana ruɓewa, dunƙulen ya ɓalle gaba ɗaya.

Kwalbar kabon kuwa ko kusa da tankin ba na ajiye ta. Wanda ya ce maka "ɗan kaɗan ba komai", tambaye shi ko Riccardia ya taɓa rainon ta.